Sihiri a Sararin Samaniya: Inda Wasan Spelljammer Ya Ci da Inda Ya Faɗi

A shekarar 1989 wani kamfanin Amurka mai suna TSR ya fitar da Spelljammer, wanda Jeff Grubb ya tsara. Reshe ne na Dungeons & Dragons, wasan da ya fara fitowa a 1974. Ga wanda bai san irinsa ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zama a kewaye da tebur. Ɗaya shi ne mai ba da labari, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda yana yanke shawara a madadinsa. In ka ce jaruminka zai tsallake rami, sai a jefa 'yar ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, ita ce za ta nuna ko ya haye ko ya rufta. Ka ce tatsuniya ce aka aurar da ita ga dara: ga labari, ga kuma doka a rubuce.

Abin da Spelljammer ya ƙara shi ne jiragen ruwa na katako, buɗaɗɗu, masu tafiya daga wannan duniya zuwa waccan da ƙarfin sihiri. Ɗauka kamar kwale-kwalen masunta a madatsar ruwa ta Zobe ya ɗaga sama ya nufi Zara. Sihirin da ake magana a nan na ƙagaggen labari ne, irin na Gizo da aljannun tatsuniya. To, da wane ma'auni ɗalibin kimiyya zai auna irin wannan abu?

Ma'aunin hatimi

Ma'aunin yana nan gida. Muhammadu bin Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake gina hatimi. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: ka zuba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ko me mutum ya ɗauka game da amfanin hatimi, lissafinsa ba ya karɓar alfarma. Ka sauya lamba ɗaya, layuka da dama sun rushe.

Haka ya kamata a auna sihirin wasa. Marubuci yana da damar ya ƙaga dokar da ta saɓa wa ta duniyarmu. Amma da zarar ya ajiye ta a gidanta, wajibi ne sauran gidajen su daidaita da ita.

Nauyi da iska: nan ya ci

A zahiri, ƙarfin jan nauyi yana bin girman abu ne, yana kuma raguwa da nisa, kamar yadda Isaac Newton ya bayyana a 1687. Shi ya sa abin da ya yi nauyi a hannunka a Kurfi, a kan wata kashi ɗaya cikin shida na nauyin za ka ji. Spelljammer ya yi watsi da wannan. A cikinsa nauyi ko dai akwai shi cikakke irin na duniya, ko babu. Kowane jirgi yana da wani shimfiɗaɗɗen layi da ya ratsa tsakiyarsa, komai kuma can yake faɗawa, daga sama ko daga ƙasa.

Ƙarya ce a kimiyyance, amma dubi yadda aka bi ta har ƙarshe. Tunda layin yana ja ta fuska biyu, mutum zai iya tafiya a ƙarƙashin jirgin, kansa a ƙasa. In ka faɗo daga gefe, za ka wuce layin, ya jawo ka ka dawo, ka yi ta lilo. In ƙaramin jirgi ya shiga yankin babba, nauyin babban ne ke rinjaya, mutanen ƙaramin su ji ƙasa ta koma gefe. Doka ɗaya ta haifi dabarun yaƙi da dama.

Ita kuma ta tallafi dokar iska. Ƙwayoyin iskar da muke shaƙa suna gudun kusan mita 500 a daƙiƙa. Duniya tana riƙe su ne don sai abu ya kai gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa kafin ya kuɓuce mata. Jirgin katako na gaske ba shi da ƙarfin riƙe ko numfashi ɗaya. Amma jirgin da aka ba shi jan nauyi irin na duniya, ya samu hujjar tafiya da kumfar iska a kewaye da shi. Mafi kyau ma, iskar tana lalacewa. A bugun 2022, kwana 120 take yi da adadin mutanen da aka tsara wa jirgin, sannan ta gurɓace, daga baya ta zama mai kisa. Wannan kam gaskiya ce tsantsa. Kowane mutum yana fitar da kusan kilo ɗaya na iskar kabon dayoksaid a yini. A watan Afrilun 1970, 'yan sama jannatin kumbon Apollo 13 sun shiga haɗari saboda taruwar wannan iska, har sai da suka harhaɗa leda da kwali da salatif suka sa matatar iska mai kusurwa huɗu ta yi aiki a mazaunin mai zagaye.

Gudu: nan ya faɗi

Jirgin Spelljammer yana cin mil miliyan 100 a kwana, wato kusan kilomita miliyan 160. In ka raba, kusan kilomita 1,860 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Apollo 11 ya yi kusan kwana uku kafin ya isa wata a 1969. Wannan jirgi minti uku da rabi ya ishe shi. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 kilomita 17 kacal yake yi a daƙiƙa.

Gudun bai dame ni ba, ai sihiri ne. Tsayawar ce matsala. Dokar wasan ta ce da jirgi ya kusanci wani abu mai girma, nan take gudunsa zai faɗo zuwa na yaƙi, kuma mutanen ciki ba sa jin komai. Duk wanda ya taɓa shiga motar Dutsin-Ma zuwa Katsina direba ya taka birki bagatatan, ya san jiki ba ya tsayawa tare da mota. Sai ka ce to, wataƙila a duniyar wasan babu wannan ɗabi'a. Ina! A cikin littafin na 1989 akwai dokokin tunkuyi, inda jirgi ke dukan jirgi da goshinsa ya farfasa shi. Ke nan karo yana da illa a ƙaramin gudu, ya ɓace a babba. Lamba ce aka saka a gidan hatimi ba tare da an duba layin ba. Ga kuma tsakuwa: mai nauyin giram ɗaya, in ta haɗu da jirgi a wannan gudu, ƙarfin da za ta saki ya kai na nakiyar TNT kilo 400. Dokar ta kula da manyan duwatsu, ta manta da yashi.

Tsohuwar kimiyya da aka tono

Ko da wannan gudu, tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, tafiyar kusan shekara 700 ce. Dabarar da Grubb ya yi a nan ita ce ta fi burge ni: ya koma juji ya ɗauko ra'ayoyi biyu da kimiyya ta zubar.

Na farko, ƙwallayen ƙarau. Tun zamanin Aristotle masana da yawa sun ɗauka cewa taurari a manne suke jikin wasu manyan ƙwallaye masu kama da gilashi. Abin da ya taimaka wajen fasa wannan ra'ayi tauraruwa mai wutsiya ce ta 1577: Tycho Brahe ya auna ta, ya ga ta fi wata nisa, tana ratsa inda ƙwallayen ya kamata su tare ta. Na biyu, filojiston, wani sinadari da Georg Stahl ya ce yana fita daga duk abin da ke ƙonewa, kafin Antoine Lavoisier ya nuna a ƙarshen ƙarni na 18 cewa ƙonewa haɗuwa ce da oksijin.

A Spelljammer, kowace rana da duniyoyinta suna cikin ƙwallon ƙarau, a waje kuma tekun filojiston ne mai igiyoyin da ke kai jirgi wani ƙwallon cikin kwanaki. Amma tekun yana da kuɗin shiga: wuta kaɗan ta taɓa shi, sai fashewa. Matsafin da makaminsa wuta ce, a can hannunsa a ɗaure yake. Kujerar tuƙin ma haka. Matsafin da ya zauna a kanta, za ta zuƙe duk sihirinsa na ranar. In 'yan fashi suka far muku, gwaninku ba shi da abin jifa. Sai ku zaɓa: gudu ko faɗa.

A 2022 kamfanin Wizards of the Coast ya sake fitar da wasan, ya cire ƙwallayen da filojiston, ya sa wani teku inda ba a jin yunwa, ba a tsufa. Kujerar ma ta daina zuƙe sihirin mai tuƙi. Wasan ya yi sauƙin koyo, wannan gaskiya ne. Amma a ganina an cire masa gishiri. Tafiyar da ba ta cin komai ba ta tilasta wa kowa yin tunani.

Abin da ya shafe mu

Tafiya sama ba baƙuwa ba ce a adabinmu. A 1969, shekarar da aka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka yawon sararin samaniya. Yau kuma littattafan yaƙi da jarumta sun cika wayoyin matasa. Rauninsu da yawa guda ne: jarumi ya shiga tsaka mai wuya, sai boka ya miƙo zobe, magana ta ƙare. Ba a faɗa mana abin da zoben ke ci, ko inda ƙarfinsa ya tsaya, ko abin da zai biyo baya ba. Waɗannan tambayoyi uku kuwa su ne ake yi a ɗakin gwaji kullum. Yaron da ya saba yi wa labari su, zai yi wa maganin da ake tallata a kasuwa da saƙon da aka turo masa a WhatsApp.

Kuma ba sai an sayo littafin daga Amurka ba. A Wurma, daren da babu farin wata, Kaza da 'Ya'yanta na nan sarai a sama, sun isa zama inda za a nufa. Takarda, biro da ƙwayar lido sun wadatar. Ga ma tambayar farko ga teburinku: jirginku na mutum 20 ne, iskarsa ta kwana 120. A ranar da kuka tashi kun tsinci mutum 10 da jirginsu ya tarwatse. In kun ɗauke su, iska mai kyau ta koma ta kwana 80, tafiyar kuma ta kwana 90 ce. Me za ku yi?