Gwani, ƙwararre da gogagge: sharhi kan fassarar kalmomin iyawa

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na shekarar 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, nauyin mai fassara ya ƙaru. A Birnin Ƙonni, inda iyaka kawai ta raba mu da Illela ta jihar Sakkwato, harsunan uku suna haɗuwa kullum. Amma akwai sakaci ɗaya da ya zama ruwan dare a makarantunmu: duk kalmar da ta shafi iyawa, sai a mayar da ita "gwani".

Ingilishi ya bambanta skilful da skilled, kamar yadda Faransanci ya raba habile da qualifié. Ta farko tana yabon hannu, wato kyawun aiki a idon mai kallo. Ta biyu tana nuna horo, sau da yawa har da takardar shaida. Hausa ba ta rasa wannan bambanci ba. Ɗan kokawar da ya burge taro, irin wanda ake yi tun gasar ƙasa ta farko a Tahoua a 1975, gwani ne. Mai kula da inji a masana'antar siminti ta Malbaza, wanda ya koyi aikin a makaranta, ƙwararre ne. Manomin albasa na Galmi da ya shekara talatin a garka, gogagge ne: experienced ko expérimenté. Yaron da waƙa ke zubo masa ba tare da koyo ba kuwa, mai baiwa ne, talented ko doué.

Haɗa su wuri ɗaya yana da illa. Sanarwar neman ma'aikaci da ta ce "gwani" alhali "ƙwararre" ake nufi za ta tara masu iyawa marasa takarda, a sallame su da ɓacin rai. Haka kuma a tsangaya, Gwani laƙabi ne na mahardacin Alƙur'ani da ya kai matuƙa, bai kamata a arhanta shi ba.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abdou Mijinguini na 1987 taska ne, sai dai ƙamus jera ma'anoni yake yi, zaɓi na mai fassara ne. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su riƙa koyar da kalmomin nan cikin jimla, kowace da muhallinta.