Ingilishin kwamfuta da ɗalibi Bahaushe: sharhi a kan littafin Boeckner da Brown

1. Gabatarwa

A shekarar 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya sa tilas mu sake duba yadda ake koyar da Ingilishi, musamman a fannin kwamfuta, inda babu makawa sai da shi: kalmomin da ake rubuta umurni ga na'ura da su, irin su «if», «else», «while» da «return», duk na Ingilishi ne. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne mu auna ɗaya daga cikin sanannun littattafan wannan fanni, wato «Oxford English for Computing» na Keith Boeckner da P. Charles Brown, wanda maɗaba'ar jami'ar Oxford ta buga a 1993. Tambayarmu guda ce: mene ne amfaninsa ga ɗalibin da ya tashi da Hausa, ya yi lakwal da Faransanci, bai soma Ingilishi ba sai da ya shiga kwaleji?

2. Abin yabo da abin gyara

Marubutan sun gane cewa haddace jerin kalmomi ba shi ne sanin harshe ba. Saboda haka suka haɗa karatu da darussan nahawu: ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, kwatanci, jimlar da ba a ambaci mai aiki ba, da harɗaɗɗun sunaye. Wannan zaɓi ne mai kyau. Na'urorin da littafin ke magana a kansu sun tsufa, amma nahawun yana nan daram.

Sai dai an rubuta littafin da Ingilishi zalla, domin ɗalibin ko'ina, ba tare da la'akari da harshen da ya zo da shi ba. Ba za mu ga laifin marubutan a nan ba. Amma malaminmu, idan ya ga ɗalibai sun kasa ganewa, sai ya koma ga Faransanci, ya bar Hausa a bakin ƙofar aji. A ganinmu nan ne kuskuren yake, domin a wurare uku masu muhimmanci Hausa ta fi Faransanci saurin kai ɗalibi ga ma'ana.

3. Harɗaɗɗen suna

Mafi yawan kalmomin kwamfuta sunaye ne da aka jera, biyu ko uku ko fiye, babu wani mahaɗi tsakaninsu. A Ingilishi jigon jerin, wato kalmar da ke faɗin ainihin abin, shi ne na ƙarshe. A Hausa jigo ne ke fara zuwa, kuma yana ɗauke da alamarsa, -n ko -r. Alal misali:

(1) file transfer protocol: ƙa'idar tura fayil
(2) data table: jadawalin bayanai
(3) table data: bayanan jadawali

Ke nan dokar mai sauƙi ce: a soma karatu daga dama, a dawo hagu, a laƙa -n ko -r ga jigo. Misalai na (2) da (3) sun nuna cewa kalmomi biyun nan ɗaya ne, jeri kawai ya canza, amma Hausa ba ta barin ɗalibi ya ɓuya. Dole ya zaɓi wadda zai laƙa wa mahaɗi, kuma daga zaɓinsa malami zai san ko ya gane.

Gaskiya ne Faransanci ma jigo yake farawa da shi. Amma Faransawa sun daɗe suna ƙirƙirar nasu kalmomi. Tun 1955 Jacques Perret ya ba kamfanin IBM kalmar «ordinateur», a 1962 kuma Philippe Dreyfus ya fito da «informatique». Don haka «random access memory» ta zama «mémoire vive», «operating system» ta zama «système d'exploitation». Ɗalibin da aka ba shi waɗannan ya haddace suna biyu na abu guda, amma bai koyi warware jerin ba. Ranar da ya gamu da sabon jeri, sai ya tsaya cik.

Na taɓa ganin haka a wani aji a Yamai. Ɗalibi mai ƙoƙari ya fassara «system file» da «tsarin fayil». Alhali «tsarin fayil» shi ne «file system», wato yadda na'ura ke shirya ajiyarta. «System file» kuwa fayil ne na tsarin, wanda idan aka goge shi na'urar na iya ƙin tashi. Littafin Boeckner da Brown ya ɗauki harɗaɗɗen suna a matsayin darasi guda cikin darussa da dama. A wurinmu kamata ya yi ya zama darasin farko, a kuma riƙa komawa gare shi kowane mako.

4. Umurni da saƙon na'ura

Abin da ɗalibi ke gani kullum a fuskar na'ura aikatau ne tsurarsa: «open», «close», «save», «print». A nan Faransanci yana amfani da sigar da ake kira «infinitif», wato «ouvrir», «fermer», wadda ta bambanta da sigar umurni. Hausa kuwa, kamar Ingilishi, tana ba da umurni da aikatau tsurarsa, ba tare da wakilin suna ba: buɗe, rufe, adana, buga. Haka nan «do not» daidai yake da «kada ka». Babu buƙatar dogon bayani.

Saƙonnin na'ura sun fi wannan wuya, domin ana yanke musu mataimakin aikatau:

(4) file not found: ba a sami fayil ba
(5) access denied: an hana shiga

Ɗalibin da aka koya masa cewa -ed alamar shuɗaɗɗen lokaci ce zai ɗauka «access» ne ya yi hanin. Abin da littafin ke koyarwa shi ne cikakkiyar jimla mai mataimakin aikatau. Guntuwar kuwa ita ce ke fitowa a fuskar na'ura. Hausa tana da «an» da «ba a», waɗanda aikinsu ke nan: faɗin abin da ya faru ba tare da ambaton wanda ya aikata ba. Da zarar an nuna wa ɗalibi wannan, ya sami mabuɗin saƙonni masu yawa.

5. Alkiblar aiki

Ingilishi ya bambanta «download» da «upload». A Faransancin yau da kullum «télécharger» tana ɗaukar ma'anonin biyu, ko da yake an ƙirƙiro «téléverser» domin na biyun. Bahaushe kuwa tun yana yaro yake rarrabe aika da aiko, shiga da shigo, ɗauka da ɗauko. Wannan shi ne rukuni na shida cikin rukunonin aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, mai ƙarewa da -o, wanda ke nuna aiki ya nufo wajen mai magana. Idan ɗalibi ya ɗauki na'urarsa a matsayin inda yake tsaye, «download» ɗaukowa ne, «upload» aikawa ce.

6. Tarkon kamanni

Ba mu ce a yar da Faransanci ba; yana taimakawa ƙwarai wajen kalmomin da suka fito daga Latin. Amma kamanni na yaudara. «Library» ba «librairie» ba ce. «Billion» na Ingilishi shi ne «milliard». «Byte» shi ne «octet», wato «bit» 8, ba «bit» guda ba. Kuma inda Faransanci ke rubuta 2,5 Ingilishi 2.5 yake rubutawa. Littafin da ba a rubuta dominmu ba ba zai yi mana wannan gargaɗi ba.

7. Kammalawa

A taƙaice, littafin Boeckner da Brown ya zaɓi abubuwan da suka dace, amma jerinsu da nauyin da ya ba kowane ba su dace da ɗalibinmu ba. Abin da muke buƙata shi ne ɗan littafin rakiya, wanda zai ajiye Ingilishi da Hausa kafaɗa da kafaɗa a kan harɗaɗɗen suna, umurni, saƙon na'ura da alkiblar aiki, ya kuma ware babi ga tarkon kamanni. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, bisa hujjar cewa yaro ya fi gane sabon abu ta harshen da ya sani. Ba mu ga dalilin da zai sa wannan hujja ta tsaya a makarantar firamare ba. Muna fata malaman Ingilishi na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai za su jarraba waɗannan misalai a ajinsu, su aiko mana da abin da suka gani, har da inda muka yi kuskure.