Lacca da Zaure: Tsokaci a kan Tarukan Ilimi da Jami'o'inmu ke Shirya wa Mutanen Birni

 

Jami'a a Kano 'yar birni ce ta asali, ko da yake ta daɗe da tarewa a waje. A shekarar 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a birnin, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, wato wadda mutanen gari ke kira SAS. A harabarta Kwalejin Ahmadu Bello ta fara karatu a 1960, aka sauya mata suna zuwa Abdullahi Bayero a 1962, daga baya ta koma bakin ganuwa wajen Ƙofar Kabuga da Dukawuya, ta zama Jami'ar Bayero a 1977, sannan ta yi sabon matsuguni a hanyar Gwarzo. Da ɗiya ta yi nisa da gidan iyaye, sai zumunci ya koma na ziyara. Laccocin jama'a da tarukan bita da sassan addini na jami'o'inmu ke shiryawa su ne wannan ziyara, kuma su nake so mu ɗora a ma'auni.

Ma'aunin ba baƙo ba ne gare mu. Malaman hadisi, irin su Alƙali Iyal a cikin Al-Ilma'u da Ibnus Salah a Muƙaddimarsa, sun ƙidaya hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi, na gaba a cikinsu su ne ji daga bakin malami da karanta masa yana saurare. Imamu Malik yana ganin biyun daidai suke, kuma galibi karanta masa ake yi. Karatun zaurenmu, daga Madabo zuwa Salga da Kabara, a kan wannan ya ginu: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara gaɓa-gaɓa, gobe a biya na jiya kafin a yi ƙari. Ana tashi daga Ahalari zuwa Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har Muhtasar. Abu uku ne ke riƙe da wannan tsari, wato littafi a hannu, komawa gobe, da malamin da ya san inda kowa ya tsaya. Lacca, yadda muke yin ta yau, ba ta da ko ɗaya daga cikinsu.

Bari in kawo abin da na gani da idona. Ba zan ambaci wurin ba, domin cutar ta game gari, kuma ni kaina na sha zama a kwamitin shirya irin wannan taro. Bita ce ta yini ɗaya a kan rabon gado, aka gayyato limamai da masu unguwanni daga cikin birni. An sa ƙarfe goma, ba a fara ba sai da babban baƙo ya iso wajen sha ɗaya da rabi. Aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da cikakkun laƙubbansu, shugaban taro ya yi jawabi, uban taro ya yi, wakilin wane ya karanta saƙon wane. Mai gabatar da maƙala, malami ne da na san ƙwarewarsa a fara'ili, ya samu abin da bai kai rabin sa'a ba. Takardarsa da Ingilishi take, yana karantawa yana fassara wasu wurare da Hausa a gurguje, ayoyin Suratun Nisa'i suna wucewa a majigi kafin mai gilashi ya gyara gilashinsa.

Da aka zo tambayoyi, wani dattijon limami ya miƙe. Gida ne a unguwarsu, mai shi ya rasu shekaru talatin da suka wuce, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Wannan kam ɗalibin Risala zai warware ta, asalinta takwas, matar ta ɗauki tumuni, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. To amma ba a raba ba. Ɗa guda ya rasu ya bar uwa da mata da 'ya'ya, ɗiya guda ta rasu ta bar miji, mijin ma ya bi ta ya bar 'ya'yan wata matar, yanzu ga jikoki sun daina gaisawa, wasu na son a sayar, wata tsohuwa kuwa ba ta da inda za ta koma. Wannan ita ce munasaha, kuma duk wanda ya zauna a cikin ganuwa ya san ita ce ainihin matsalar gidajen gado. Sai mai gabatar da taro ya ce, "Allah ya gafarta malam, a taƙaita, lokacin Azahar ya gabato." Aka ba shi amsa a dunƙule, cewa Musulunci ya kwaɗaitar da gaggauta rabon gado. Dattijon ya san haka tun kafin a haifi mai amsar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar shaidar halarta. An buga ta tun kafin ranar, aka raba wa kowa, har da waɗanda suka shigo ana addu'ar rufewa. Mai karatu ya kwatanta wannan da takardun sama'i da ake rubutawa a ƙarshen littattafai a Dimashƙa da Alƙahira: sunan littafi, sunan malami, wanda ya ja baƙi, wuri da rana, sunayen mahalarta, kuma idan wani yanki ya kuɓuce wa mutum sai a rubuta daga ina zuwa ina ya rasa. Muwaɗɗar da muke karantawa a Kano ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce. Da ya yi shakkar ko ya ji wasu babuka na ƙarshen littafin i'itikafi daga Malik, bai jingina su gare shi kai tsaye ba, sai ya ruwaito su ta hannun Ziyadu bin Abdurrahman. Mu kuwa muna sa hannu da hatimi muna shaida cewa mutum ya samu horo a fara'ili a yinin da ba a warware mas'ala ko ɗaya a allo ba. A ganina wannan shaida ce a kan abin da bai faru ba, kuma mun fi kowa sanin hukuncinta.

Kada a ɗauka ina wanke zaure ne. Zaure ba ya cika ajiye rubutu, malami kan rasu da tahaƙiƙinsa a ƙirji. Mata ba su da wurin zama a mafi yawansa, alhali su aka fi zalunta a gado. Kunya kuma takan hana ɗalibi cewa malam bai gamsar da shi ba. A waɗannan jami'a ta fi: tana buga maƙala, tana zaunar da mata, kuma a ƙa'idarta hujja ake bi. Ko a nan ma birni ba baƙon muhawara ba ne. Saɓanin Malam Muhammadu Salga da malaman Madabo a kan al'adun jana'iza da sadakokin mamaci a rubuce aka yi shi, risala da raddi, har yau ana iya komawa a duba hujjar kowa. Laccarmu ta saki littafin zaure, ba ta kuma kama muhawarar da jami'a ke tinƙaho da ita ba, domin wanda aka ɗora wa yin ta'aliƙi yakan ƙare da yabon mai maƙala.

Uzurin da aka saba kawowa shi ne kuɗi da nisa. Ban gamsu ba. Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, yana hannun Jami'ar Bayero, kuma ya nuna cewa idan aka kai taro kusa da mutane suna zuwa da ƙafarsu. Kuɗin buga jaka da kalanda da abincin manyan baƙi na yini guda zai ɗauki nauyin zama goma, mako-mako, a wani masallacin unguwa bayan La'asar, a karanta babin fara'ili na Risala da Hausa, da allo da alli, kowane limami ya zo da mas'alar unguwarsa ba tare da sunaye ba, a ware wa mata nasu zaman, a rubuta wanda ya zo da abin da ya kuɓuce masa. Abin da zai yi wuya shi ne irin wannan zama ba ya samar da hoton da za a sa a rahoton shekara, kuma ban san kwamitin ƙarin girma da zai lissafa shi a matsayin aiki ba.

Dattijon nan na same shi a bakin ƙofa yana neman takalminsa. Muka zauna a inuwa, muka fara jera matattu da magadansu a bayan takardar tsarin taro. Mun kai mamaci na uku takardar ta cika, motar da ta kawo su kuma ta fara kiran mutane. Ya ninke ta ya sa a aljihu tare da shaidar halartarsa, ya ce zai kai wa wani malami a Madabo su ƙarasa.