Kalmar "Audio" da Matsalar Fassara Ta da "Sauti"

Ɗalibai da yawa, idan aka ba su aikin fassara suka ci karo da kalmar Ingilishi "audio", sai su rubuta "sauti" su wuce. Haka ma wasu masu fassara manhajojin waya suke yi. A ganina wannan fassara ta gaza, kuma a wannan takarda za mu duba dalili.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin "ina ji". Amma a Ingilishin yau ba kowane abin da kunne ya ji ake kira da ita ba. Tsawa ba "audio" ba ce, haka kukan jaki a bayan gida. Sai an kama abin da na'ura, an ajiye shi ko an watsa shi, sannan sunan ya hau kansa. Ita kuwa "sauti", wadda muka aro daga Larabci, ba ruwanta da na'ura. Bugu da ƙari, a wajen ɗalibin harshe kalmar tana da wani aiki babba, domin da ita muke kiran baƙi da wasali, kamar yadda take a sunan littafin M.A.Z. Sani, Tsarin Sauti da Nahawun Hausa. Mu gwada waɗannan jimloli:

(1) Alƙali ya saurari sautin.
(2) Alƙali ya saurari faifan muryar.

A jimla ta (1) mai karatu bai san ko ƙarar mota ce ta shigo ta taga ba. A jimla ta (2) ya san shaida ce aka kunna a kotu. Bambancin ba ƙarami ba ne ga wanda zai fassara labari ko takardar shari'a.

Abin da masu "sauti" suka manta shi ne, Bahaushe ya daɗe da warware wannan matsala, kuma ta wata hanya dabam. Maimakon ya raɗa wa abin da ake ji suna, sai ya raɗa wa mazubinsa. Emile Berliner ya ƙirƙiro garmaho a Amurka a 1887. Da na'urar ta iso ƙasar Hausa, mutane suka dubi baƙin abin nan mai faɗi da ke juyawa a kanta, suka ga ai faifai ne, irin wanda mata ke saƙawa don rufe ƙwarya da sheƙar hatsi. Sunan ya zauna daram. A kan faifai aka fara sayen waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sai aka aro sunan yadda yake, tare da rikoda, har Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar cinikin kaset na waƙa da wa'azi da fim. Da CD ya zo, faifai ya dawo da ƙarfinsa, tun da shi ma zagayayye ne.

Akwai masu sukar "faifan murya" a yau. Suna cewa saƙon WhatsApp ba shi da siffa, balle ya yi kama da faifai. Wannan suka ba ta da ƙarfi. Har yanzu muna cewa "buga waya" alhali babu igiyar waya ko ɗaya a jikin salula. Muna kuma cewa "naɗar murya", wanda ga alama ya samo asali daga zaren kaset da ke naɗuwa kamar rawani, ko da yake babu abin da ke naɗuwa a cikin wayar zamani. Kalma takan rayu bayan abin da ya haife ta ya mutu.

Inda "faifan murya" ke da rauni na gaske shi ne kiɗa. Idan kalangu kawai aka ɗauka, babu murya a ciki, nan kam sai a ce "faifan sauti" ko "faifan kiɗa". Wato "sauti" tana da wuri, amma a bayan "faifai", ba ita kaɗai ba.

Saura "odiyo", wadda matasa ke faɗa: "turo min odiyon". Wasu malamai na ƙyamar ta don wai Ingilishi ce. To, Faransanci ma yana da wannan kalma, da lafazi kusan iri ɗaya. Saboda haka Bahaushen Maraɗi, ko ɗan kasuwar unguwar Yakité a yankin PK5 na Bangui, inda Sango da Faransanci ne harsunan hukuma, zai gane ta ba tare da ya san Ingilishi ba. Haka abin yake ga "kaset". Aron da ke shigowa ta ƙofa biyu yana da wuyar kora. Ɗalibi ya lura kuma cewa ta riga ta ɗauki jinsin namiji da ɗafa-ƙeyar -n, kamar "bidiyon". Shawarata ita ce a bar "odiyo" a hira da tattaunawar 'yan wasa, a riƙe "faifan murya" a rubutun labarai da na jarrabawa.