Jana'izar Adalci: Faifan Mdou Moctar a Kunnen Damagaram

Faifan Funeral for Justice ba ya sallama. Kana kunna shi sai jita da ganga su faɗo maka lokaci guda, da ƙarar da za ta sa mai shayi ya waiwayo ya duba ko sifika ce ta fashe. Waƙoƙi tara ne, kamfanin Matador na Amurka ya fitar da su a watan Mayun 2024, mai su kuwa ɗan Nijar ne, Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Jaridun Turawa sun sa shi a layin masu kiɗan rok mai nauyi, suna haɗa shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Ban ƙi wannan ba. Amma ni daga Damagaram nake saurare, kuma abin da kunnena ke ji ya fi kusa da gida.

Ba'abzine ne, ɗan asalin yankin Abalak da Cintabaradan cikin jihar Tawa, ya tashi a gidan da ba a yarda da kiɗa ba. Ganin Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita a bainar jama'a ya sa ya je ya sami katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya koya wa kansa. Bahago ne, kuma da yatsa tsirara yake bugun tsirkiya, shi ya sa sautinsa ke fita a tsittsinke, da sauri, ba irin na masu bugu da ɗan roba ba.

Abin da ya kamata Bahaushe ya sani shi ne, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, a situdiyo irin na mawaƙan finafinan Hausa, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Ba a kai shi kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta bulutut da katin memori, har ya tsallaka Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin Sahara, Christopher Kirkley, ya ji "Tahoultine" ya shiga neman mai ita. Daga nan aka yi fim ɗinsa Akounak a Agadas, ya fito a 2015, sai faifan Ilana a 2019, sai faifan Afrique Victime a 2021, wanda ya buɗe masa manyan dandali. Mutumin da ya hau dandalin Coachella a 2024 da rawaninsa da farar jitarsa ta Fender, ta ƙofar kiɗan Hausa ya fara fita, kuma ina jin daɗin faɗin haka.

Ƙarar nan da Turawa ke mamaki a wajen biki aka haife ta. Wanda ya taɓa tsayawa a bikin aure na Abzinawa ya san yadda abin yake: fili a buɗe, janareto na ruri, ƙaramar amfilifaya an murɗe ta har tana kuka, samari sun yi da'ira suna tafi. Idan makaɗi bai ɗaga sauti ba, iska ta cinye shi. Funeral for Justice ya ɗauko wannan zafin bai tace shi ba, duk da cewa a wani gida a jihar New York aka ɗauke shi cikin kwana 5. Ahmudu Madassane na riƙe da jita ta biyu, yana maimaita zubi ɗaya ba gajiya. Mikey Coltun, Ba'amurken da ke cikinsu, shi ke kan bes, shi ya haɗa sautin. Amma gwarzon da ba a cika yabo ba shi ne mai ganga, Sulaiman Ibrahim. Yadda yake ƙara wuta kaɗan-kaɗan har waƙa ta ɓarke da gudu, sai ka tuna dawaki ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, daga takawa zuwa sukuwa, ba ka san lokacin da aka saki linzami ba.

Waƙa ta biyu, "Imouhar", ita ce na fi komawa kanta. Tana farawa can ƙasa-ƙasa, a dushe, har ka ɗauka cajin waya ne ya yi ƙasa, ka kai hannu ka ƙara murya. Kana ƙarawa sai ta fashe. Dabara ce, kuma tana da ma'ana: mutumin da ya fito daga ƙaramar sifikar wayar hannu yana nuna maka inda ya taso kafin ya nuna maka inda ya kai. Saƙonta kira ne ga 'yan'uwansa su riƙe harshen Tamashek, su yi magana da shi, su rubuta shi. Nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani, domin ba Faransanci kaɗai ke cin ƙananan harsuna a ƙasar nan ba. Unguwar Zango ta Zinder masaukin ayarin Abzinawa ce tun zamanin Sarki Tanimun, ga jikokinsu nan sai Hausa. Gidan sarautar Damagaram kansa tushensa na Barebari ne. Harshenmu mai faɗi ne, muna alfahari da shi, amma faɗinsa a kan gonar wasu ya hau. Waƙar ba ta zarge mu ba. Ni dai ta sa na ji nauyin abin.

"Oh France" kuwa ba ta buƙatar tafinta a garin nan. A nan aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898, aka gwabza a Tirmini a 1899, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa a shekarar, kuma daga nan Faransa ta riƙa juya ƙasar kafin ta mayar da hedikwata Yamai a 1926. Mdou ya daɗe yana maganar yuraniyom ɗin Arlit da ke haska biranen wasu alhali ƙauyukanmu na kwana a duhu. A wannan waƙar jitar ta fara da jan kuka a hankali, sannan ta hau faɗa. An naɗi faifan tun kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ficewar sojojin Faransa a Disambar shekarar, don haka ba wanda zai ce iskar zamani ya bi. Kuma bai tsaya kan Bature ba, waƙar farko shugabannin Afirka take tuhuma.

Inda nake da ƙorafi shi ne murya. A wurare da dama, musamman "Sousoume Tamacheq", jitar ta danne ta har kalmomin suka nutse. Mu da muka saba da Shata da Ɗan Maraya, waɗanda kiɗa ke bin bayan maganarsu, wannan zai yi mana wuyar haɗiya, kuma faifan da ke roƙon a riƙe harshe ya cancanci a ji harshen sarai. "Takoba" da "Modern Slaves" sun fi ba muryar fili, shi ya sa suka fi zama a zuciya bayan an kashe waya.

Da alama ƙaddara ta biya wannan bashin. Juyin mulkin ya same su suna rangadi a Amurka, iyakoki a rufe, ba hanyar gida. A wannan zaman jiran suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake buga waƙoƙin da jita marar lantarki, aka fitar da su a Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. Wanda ƙarar ta yi wa yawa ya fara da wannan, ya ji yadda aka gina kowace waƙa, sannan ya koma wa na farkon da sifika mai kyau.