Hannun da ke sa injin babur ya ja mota

A Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ƴan kilando, wato masu haya da babur, ba sa barin injin babur ya huta. Shi ya sa makanikan garin suka san cikin inji ƙwarai. Za ka ga mutum a unguwar Yelwa ya baje Bajaj ko TVS a kan buhu, ya fafe silinda, ya sa sabon fistin da ringi, ya goge bawul har ya zauna daram. Wanda ya iya wannan ya ci rabin hanyar wani aiki da ya fi shi wuya: ɗora injin babur a ƙaramar mota, a kuma ƙara masa turbo.

Dabarar tsohuwa ce. A 1955 kamfanin BMW na Jamus ya ɗauki injin babur ɗinsa mai silinda ɗaya, cc 250, ya sa a motar Isetta, kuma kafin a daina ƙera ta a 1962 an yi sama da 160,000. Turbo kuwa ya girmi Isetta, domin Alfred Büchi, ɗan Suwizalan, ya yi rajistar fasahar tun 1905. Aikin turbo irin na zugazugin maƙeri ne. Hayaƙin da zai fita ta salansa a banza shi ke juya wata farfela, ita kuma ta juya ƴar'uwarta mai cusa iska cikin silinda, juyin da kan wuce 100,000 a minti. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru.

Ɗaura turbon kansa aikin yaron shago ne. Gwanintar tana wajen rage wa inji zafin nama kafin a zuga shi. Gwani zai sassauta matsin silinda da gaskit mai kauri ko fistin mai kwarmi. Zai buɗa bakin ringi kaɗan, don ƙarfe na kumbura da zafi, in bakin ya haɗu sai kan fistin ya tsage. Zai jinkirta wutar fulogi, ya sa kafireta ta ba da mai a wadace, tunda ƙarancin mai ke narka fistin. Ga fetur ɗin zuwa-zuwa na kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda ingancinsa ba kullum yake ɗaya ba. Dole kunnen makanike ya kama wannan ƙarar ƙas-ƙas ta inji tun tana ƙasa-ƙasa.

Baƙin mai ma da nasa rigimar. Famfon ƙananan babura ba ya tura shi da ƙarfin da turbo ke so, sai an ƙara wani, da ɗan lagireto mai sanyaya shi. Babur yana kwantawa a kwana, mota ba ta yi, don haka man kan gudu gefe guda ya bar famfo a bushe in ba a yi masa shinge a tukunyarsa ba.

Sai sauran: kulocin da zai ɗauki nauyin mota, fanka a madadin iskar titi da jikin mota ya tare, da ribas, wanda giyar yawancin babura ba ta da shi. Wasu kan haɗa kan sitata daban don ja da baya, wasu kuma su sauko su tura.