The Mandalorian: Rowar da Kyamara Ba Ta Gani

A shekarar 2019 ne kamfanin Disney ya fito da The Mandalorian, fim mai dogon zango daga zuriyar Star Wars, wanda Jon Favreau ya ƙirƙiro. Fiye da rabin zangon farko ba a je lokeshin ba. An yi shutin ne a cikin wani ɗaki a Amurka wanda aka kewaye da bangon allunan LED mai tsayin ƙafa 20. Hamadar nan da ka gani a bayan jarumin, kwamfuta ce ke zana ta nan take da Unreal Engine, manhajar da ake yin wasannin bidiyo da ita.

To mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. Babban aikin da ke cin ƙarfin kwamfuta shi ne lissafin haske da inuwa: kowane ɗigon hoto sai ta tantance daga ina haske ya faɗo masa, ƙarfe ne ko yashi, wane launi zai bayar. A finafinan katun irin na Pixar, hoto ɗaya kan ci sa'o'i. Nan kuwa hoto 24 ake so a kowace daƙiƙa, ga kyamara tana yawo. Ina lokacin yake?

Sai ma'aikatan ILM suka yi rowa, amma rowar mai wayo. Akwai na'urorin da ke bin diddigin kyamara, saboda haka ɗan yankin bangon da take kallo kaɗai ake zanawa da cikakken inganci, yana bin ta duk inda ta juya. Sauran bangon ba a wahalar da kwamfuta a kansa, aikinsa kawai ya haska 'yan wasa. Yawancin inuwar duwatsu da gine-gine ma tun kafin ranar shutin aka lissafa su aka manna.

A zangon farko dabarar ta biya, domin jarumin kwalkwali da sulke masu sheƙi yake sawa. Da koren kyalle aka kafa a bayansa, da kore kwalkwalin zai riƙa ɗaukowa, a bar masu tacewa da aikin gogewa. Mai ɗaukar hoto Greig Fraser ya samu sararin samaniya yana kwance a kan ƙarfen, kuma yana iya riƙe hasken almuru yini guda ba tare da rana ta faɗi ba. Wannan kam a yaba.

Amma fa araha ba ta ado. Bangon ba ya iya ba da rana mai ƙuna irin ta tsakar rana, shi ya sa su kansu sukan fita waje in ita suke so. Ba a kuma saita idon kyamara a kan bangon, don kada ɗigoginsa su bayyana, sai baya ya zama dishi-dishi. Filin wasan kuwa ƙafa 75 ne, gudu kaɗan ka ci karo da sama! A ganina wannan ya fito fili a Obi-Wan Kenobi (2022): mutane cirko-cirko a tsakiya, haske laushi ko'ina, kai ka ce hoton situdiyo ne na ranar sallah. Laifin ba na kwamfuta ba ne, na daraktar da ta tsara fitowa daidai da abin da bango zai iya ne, maimakon abin da labari ke nema.

A shekarar 2022 ɗin dai Tony Gilroy ya fito da Andor ba tare da bangon ba. Gari guda aka gina masa a Ingila, aka hau tsaunukan Sikotilan. Dubi yadda 'yan wasansa ke takawa cikin taɓo da hazo, sannan ka koma ka sake kallon Obi-Wan.